Gyaran Kandamin Kifi Na Bayan Gida: Awon Leda Da Shimfiɗa Ta

Zuwa ga manoma masu kiwon kifi a gida, da dagatai da masu unguwa waɗanda za su karanta wa jama'arsu.

Kai mai kandamin kifi a bayan gida, in ka ga kullum kana zuba ruwa yana gudu, har abin da ka ke ba 'yan ga-ruwa ko ka ke sayen man inji da shi ya fi abin da kifin ke kawo maka, to, wannan takarda dominka aka rubuta ta. Kandami mai yoyo hasara biyu ya ke jawowa. Ta fari, kifi ba ya girma cikin ruwan da ke janyewa kullum. Ta biyu ta fi muni, domin ruwan nan da ka ga ya ɓace yana nan ƙarƙashin ƙasa yana jiƙa tushen katangarka ko ta maƙwabcinka, ran da ta faɗi kuwa sai maganar ta kai gaban mai unguwa.

Maganin da ya fi sauƙi yanzu shi ne a shimfiɗa leda mai kauri cikin ramin, ta raba ruwa da ƙasa. Aikin ba wuya gare shi ba, amma masu yinsa da yawa su kan yi hasarar kuɗinsu saboda kuskure guda: su kan sayo leda kafin su gama gyaran rami. Ka riƙe wannan tun daga nan: rami a ke gamawa, sa'an nan a auna, sa'an nan a saya.

Ka san ciwon tukuna

Kada ka fasa kandaminka sai ka tabbata yoyo ya ke yi. Da bazara, da lokacin hunturu, rana da iska su kan sha ruwa ƙwarai, har mai shi ya zaci huda ce. Ga yadda za ka rarrabe. Cika bokiti da ruwa, ka ajiye shi cikin kandamin bisa bulo, yadda bakinsa zai fito sama. Yi alama inda ruwan bokiti ya tsaya, ka yi wata inda na kandami ya tsaya. Bayan kwana biyu ka duba. In sun ragu daidai da juna, rana ce ta sha. In na kandami ya fi raguwa, to, akwai yoyo.

Sa'an nan ka dubi ƙasarka. Ɗebo ta daga gindin ramin, ka jiƙa, ka murza tsakanin tafunanka kamar za ka yi igiya. In ta miƙe ta yi tsawon yatsa, ka lanƙwasa ba ta karye ba, yumɓu gare ka, kuma watakila ba ka bukatar leda ko kaɗan. A kwaɓa yumɓun, a tattake shi, a daɓe, ya kan riƙe ruwa. Manyan kandamai irin na gonar kifi ta Panyam a Filato, wadda aka kafa a farkon shekarun 1950, na ƙasa ne. Amma in ƙasar ta wargaje a hannunka, jigawa ce, kome daɓenka ba za ta riƙe ruwa ba. Nan ne leda ke da amfani, da kuma cikin tsohon kandamin siminti wanda ya tsage aka yi ta liƙi ya ƙi.

Akwai wurin da leda ba ta zama. In gidanka kusa da fadama ya ke, har in an yi gini da damina ruwa na ɓuɓɓugowa daga ƙasa, ruwan nan zai taru ƙarƙashin ledar ya ɗago ta, ta kumbura tsakiyar kandami kamar bayan dorina, musamman ran da ka rage ruwan ciki. Mai irin wannan wuri ya rage zurfin rami, ya tada gaɓa sama da ƙasar da ya haƙo.

Irin ledar da za ka nema

Ba kowace leda ke yi ba. Ledar da a ke shanya hatsi a kai, da wadda magina ke sa wa ƙarƙashin daɓen siminti, ba su da kauri, rana kuwa ta kan cinye su su farfashe. Tsohon tamfol na mota, wanda ya sha mai da taki da maganin ƙwari, ka nisance shi, domin abin da ya rage jikinsa ya isa ya kashe 'ya'yan kifi. Araha ba ta ado. Ka nemi wadda aka yi domin riƙe ruwa, ka ce wa mai sayarwa ta kiwon kifi ka ke so.

Iri uku aka fi samu. Akwai baƙa mai tauri wadda 'yan kasuwa ke kira HDPE. Asalin leda an gano shi a Ingila cikin 1933, wannan mai taurin kuwa a Jamus cikin 1953. Tana jure rana, tana daɗewa, amma ninka ta da wuya, kuma gam ba ya kama ta. In za a haɗa biyu sai da inji mai zafi wanda ke narka bakinsu ya manne. Akwai PVC, mai laushi, mai daɗin shimfiɗawa, wadda a ke liƙewa da gam nata, sai dai inda rana ke dukanta ya kan bushe ya tsage da daɗewa. Ta uku roba ce mai miƙewa, EPDM, ta fi su bin lungu da saƙo, ta kuma fi su tsada. Game da kauri, kada ka sauka ƙasa da rabin milimita. In da hali ka ɗauki mai kashi uku cikin huɗu na milimita, ko milimita ɗaya. In ba ka san yadda za ka gane ba, fito da katin cirar kuɗi na banki ka gwada da bakin ledar: kaurin katin kashi uku cikin huɗu na milimita ne.

Ran da ka tafi tambaya, kada ka sayi kome. Abu ɗaya za ka komo da shi: faɗin naɗin ledar da ke kasuwarku mita nawa ne. Za ka ga amfanin wannan a gaba.

Gyaran rami

Lokacin wannan aiki rani ne, bayan an gama kaka, ƙasa ta bushe. Hana kifin abinci yini guda, sa'an nan ka kwashe su cikin duro ko manyan robobi da ruwansu na dā, ka ajiye a inuwa, ka rufe da raga, domin tarwaɗa ta kan yi tsalle ta fice. Ruwan da ka kwashe da taɓon gindi ka kai lambu, taki ne mai kyau.

Ka sani leda ba ta ɗaukar nauyi, tsare ruwa kaɗai ta ke yi. Ƙasar da ke bayanta ita ke ɗauka. Lita 1,000 na ruwa tan guda ne, kuma ƙaramin kandamin da za mu yi misali da shi nan gaba yana cin lita 8,000 da ɗoriya, watau kamar duro 40. Duk wannan nauyi zai danne ledar bisa abin da ka bari ƙarƙashinta. Tsakuwa mai kaifi wadda ka raina yau, gobe nauyin ruwa ne ke tura leda a kanta.

Saboda haka ka tsince dutse, da fasasshen kwalba, da ƙusa, da katanga, da ƙayar aduwa. Ka bi saiwar itace ka sare ta can baya da bakin rami. Darbejiya da mangwaro su kan aiko da saiwa daga nesa in sun ji laima. Tofa da aya-aya sun fi kome haɗari, domin tsironsu kamar allura ya ke, ya kan huda leda daga ƙasa. A tone su da saiwarsu duka. Ramin gafiya ko na ɓera a cika shi a daɓe. In akwai shuri kusa, a tone shi tun yanzu, amma kada a zuba maganin gara inda ruwan sama zai wanko shi cikin kandami.

Bangon ramin ƙasa kada ya tsaya a miƙe kamar na rijiya, sai ya zube bayan leda inda ba ka gani. A ƙasa mai ƙarfi, kowace ƙafa ɗaya da ka nutsa, ka matso ciki ƙafa ɗaya. A rairayi ka matso ƙafa biyu, ko ka gina bango da bulo. Gindin ya ɗan gangara zuwa gefe guda, domin ran kwashe ruwa ƙazanta ta taru wuri ɗaya. Bakin kuwa lalle ya zama daidai ko ta ina. Kafa turaku a kusurwoyi huɗu, ka sami siririn tiyo wanda a ke ganin ruwa cikinsa, ka cika shi, mutum biyu su riƙe bakunansa jikin turaku. Inda ruwa ya tsaya a wannan baki, nan ya ke tsayawa a wancan. In ka bar gefe ɗaya ya fi tudu, can leda za ta zauna tsirara cikin rana, ɗaya gefen kuwa ruwa na malala.

In tsohon kandamin siminti ne, fasa duk inda ya yi tsini, ka cike tsaguwa, ka shafe kusurwoyin gindi da kwaɓaɓɓen siminti su yi kwana, kada leda ta rataya bisa wofi.

Da ka gama, yayyafa ruwa ka daɓe da madaɓi kamar daɓen ɗaki. Zuba tankaɗaɗɗen yashi a gindi, kaurin yatsa uku. Yashi ba ya zama jikin bango, can sai ka jera wankakkun buhunan roba irin na shinkafa, bakin wannan bisa na wancan. Kwali da tabarmar kaba abincin gara ne, kada ka kira ta da kanka. Daga ƙarshe ka ja baya rabin mita daga bakin kandami, ka haƙa siririn rami kamar na harsashin gini kewaye da shi duka, zurfi santimita 30, faɗi santimita 30. Cikinsa za a binne bakin leda.

Awo

Yanzu ne za ka auna. Mita guda ƙafa uku ce da inci uku da ɗan ɗori, in da ƙafa ka saba.

A ce kandaminka tsawon bakinsa mita 5, faɗi mita 4, zurfi mita 1 da santimita 20. Wanda bai sani ba sai ya sayo mita 5 da mita 4, ko ya ƙara ɗaya ɗaya ya ce ya yi hankali. Ya manta leda za ta sauka wannan bango, ta bi gindi, ta hau wancan, ta kuma fita waje a riƙe ta. Zurfin kuma daga saman gaɓa a ke aunawa, a wurin da ya fi nutsawa. Ruwa zai tsaya kamar santimita 30 ƙasa da baki, domin tarwaɗa ta kan ja ciki ta fita da dare in an yi ruwan sama, amma leda lalle ta rufe har sama.

In bangon a miƙe ya ke, irin na siminti, lissafin ke nan: tsawo, a ƙara zurfi sau biyu, a ƙara abin da zai hau kan bango nan da can. Watau mita 5, da mita 2 da santimita 40, da rabin mita sau biyu, ya zama mita 8 da santimita 40. Faɗi ma haka: mita 4, da mita 2 da santimita 40, da mita 1, ya zama mita 7 da santimita 40. Bakin kandamin murabba'in mita 20 ne, ledarsa kuwa 62. Ta ninka sau uku har da ɗori. Ka san da wannan tun kana ƙulla kuɗin aiki.

In bangon a jingine ya ke, lissafin nan zai sa ka sayi fiye da bukata. Nan igiya ta fi alƙalami. Sami igiya wadda ba ta miƙewa, ka ɗora bakinta a saman gaɓa, ka bi da ita jikin bango, ka ratsa gindi ta wurin da ya fi zurfi, ka hau ɗaya bangon. Yara su danne ta da hannu ko da duwatsu, ta kwanta jikin ƙasa ko ina, kada ta rataya. Ƙulla inda ta ƙare, ka fitar ka auna. A ramin misalinmu, mai jinginar ƙafa ɗaya bisa ƙafa ɗaya, gindi mita 2 ne da santimita 60, kowane bango mita 1 da santimita 70, igiyar tsawo za ta ba ka mita 6, ta faɗi mita 5. Kowane gefe ka ƙara mita 1: rabi na tafiya daga baki zuwa siririn ramin, santimita 30 na sauka cikinsa, saura na kwanciya a gindinsa. Ka kuma ƙara santimita 30 na sassauci. Abin saye ya zama mita 8 da santimita 30 a tsawo, mita 7 da santimita 30 a faɗi. In ramin ba murabba'i ba ne, ka auna wurin da ya fi tsawo da wurin da ya fi faɗi. Ka auna sau biyu, ka sa wani ya sake, ka rubuta a takarda. In lissafi ya faɗi tsakani, ka cika sama. Ragowa za ta yi maka faci wata rana, gajeruwa kuwa ba ta da magani.

To, ga amfanin tambayar nan ta faɗin naɗi. A ce ledar kasuwarku faɗinta mita 6 ne. Cire mita 2 na gefuna da santimita 30 na sassauci, saura mita 3 da santimita 70 na igiya. A zurfin mita 1, bakin irin wannan kandami ba zai kai mita 3 a faɗi ba. Sai ka zaɓa: ko ka matse faɗi ka ƙara tsawo, leda ta zauna falle ɗaya, ko ka nemi mai injin haɗi. A ganinmu falle ɗaya ya fi ga mai ƙaramin kandami, domin yawancin yoyo daga mahaɗi ya ke farawa. In haɗin ya zama dole, a yi shi bisa fili mai tsabta, ka tsaya ka gani da idonka, ka ja bakin da hannu ka ji ko ya kama.

Shimfiɗawa

Zaɓi ranar da ba iska, ka gayyato mutum huɗu ko shida. Kowa ya tuɓe takalmi, ya fid da wuƙa da makulli daga aljihu. A ɗaure awaki, a kore kaji. Warware ledar da hantsi ta ɗan sha rana ta yi laushi, amma kada ta kai azahar, domin baƙar leda ta kan yi zafin da ba ta taɓuwa. A ɗauke ta sama a kai ta bisa ramin, kada a ja ta a ƙasa. A daidaita tsakiyarta da tsakiyar rami, a sake ta ta sauka, mutum ɗaya ya shiga ya bi da ita gindi da kusurwoyi. Kafin a ci gaba, zaga ka duba ko ragowar kowane gefe ta kai siririn ramin.

Babban kuskure a nan shi ne a ja ta tam kamar fatar kalangu domin ta yi kyaun gani. Leda ta kan saki da zafi, ta tsuke da sanyi. Wadda aka ɗaure tam da rana, daren hunturu za ta tsuke ta ɗago daga kusurwa, nauyin ruwa ya yage ta. Bar ta sako-sako. A kowace kusurwa za ta tattaru. Haɗa tattarar ta zama babban ninki ɗaya, ka kwantar da shi gefe guda. Kada ka yanke kome. Gefuna kuwa a danne su da buhunan yashi kawai, kada a binne tukuna.

Fara zuba ruwa sannu. In ya kai tsawon tafin hannu ka tsaya, ka shiga ka tura ninkin gindi zuwa bango da ƙafa. Ci gaba da zubawa, kana sassauta buhunan kaɗan kaɗan, ruwa da kansa zai ja ledar ya zaunar da ita inda ta ke so. In ka ga wani wuri ya miƙe, ka buga ka ji yana amo, akwai wofi a bayansa. A sakar masa leda daga sama. Da ya cika, bar shi kwana biyu. Sa'an nan da sassafe, leda na tsuke, a sa bakinta cikin siririn ramin, a mayar da ƙasa, a daɓe. Abin da ya rage a fili tsakanin baki da ramin a rufe shi da buhu da ƙasa, ko da bulo marar kaifi, saboda rana da kofaton dabba. Gaɓar ta ɗan fi filin gida tudu, kada ruwan tsakar gida ya gangaro ciki ko ya shiga bayan leda. A kandamin siminti sai a lanƙwasa bakin bisa bango a danne da jerin bulo.

Game da bututun fid da ruwa, in za ka iya janye ruwa da tiyo ta sama, ka yi haka, ka bar ledarka ba huda. In lalle sai bututu, a sayi mahaɗinsa mai roba ciki da waje wanda a ke ɗaurewa, a yanka huda wadda ta fi bakin bututun ƙanƙanta kaɗan, a kuma yi wannan bayan ledar gindi ta zauna.

Mayar da kifi

Ruwan fari na wanki ne, a zubar a lambu. A cika da sabo. In na famfo ne mai warin magani, a bar shi kwana biyu ya huce. Sa kifi biyar ko shida tukuna su kwana biyu. In sun ci abinci suna yawo, a kawo saura da safe, a riƙa zuba ruwan kandami kaɗan kaɗan cikin mazubinsu kafin a sake su. Ka tuna yanzu ba ƙasa a gindi da za ta sha ƙazanta, saboda haka ragowar abinci da kashin kifi sai ka janye su da kanka, kana canja wani kashi na ruwan a kai a kai. Shebur da mashi da manjagara kada su sake shiga kandamin nan. Raga da tsintsiya mai laushi sun isa.

In wata rana ruwa ya soma gudu, kada ka ƙara. Mai da kifi duro in ya yi ƙasa ƙwarai, ka bar shi ya sauka har ya tsaya da kansa. Hudar tana daidai inda ya tsaya. Bi layin ruwan da yatsa za ka same ta. A wanke wurin, a bushe, a sa faci daga ragowar nan da ka ajiye, ya wuce hudar da faɗin tafin hannu ko ta ina.

Dagatai da masu unguwa, ga abin da ya shafe ku. Jiƙaƙƙiyar leda in ta yi gansakuka santsi gare ta kamar kuɓewa, ko babba ya faɗa da ƙyar ya ke hawowa, balle yaro mai rarrafe. Duk wanda ya shimfiɗa leda a unguwarku, ku umurce shi ya kewaye kandamin da shinge mai ƙofa da a ke kullewa tun ran da ruwa ya fara shiga, ya kuma rataya igiya mai ƙulli-ƙulli daga turke zuwa cikin ruwa. Ku duba kada a haƙa shi gindin katangar maƙwabci, kada kuma a saki ruwan da aka canja ya bi hanya ko ya nufi rijiya. Wanda ya sayar da kifinsa bai zuba wasu ba, ya kwashe ruwan ƙaf, domin leda ba ta bari ko kaɗan ya tsotse, kuma ɗan abin da ya kwanta cikin ninki ya ishi sauro yin ƙwai.